Ku Tambayi Baba Malam: "Ɗana ya kafe sai makarantar Metodis"

Wasiƙu uku na ware a wannan watan, kuma duk a kan abu ɗaya suka faɗo, ko da yake masu su ba su san juna ba. Ta farko za ta fi cin wuri, don mai ita ta fi sauran shiga damuwa. Masu tambaya a kan tsutsar auduga ku yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Baba, ina gaisuwa, yaya ƙoƙari? Ni gwauruwa ce a unguwar Yelwa, nan Garwa, ina sayar da busasshen kifin Lagdo a babbar kasuwa. Ɗana na fari ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, bara. Na so ya shiga jami'ar Ngaundare, shi kuwa ya kafe sai karatun fasto, kuma wai sai a Najeriya, a wata makarantar 'yan Metodis da ake kira Banyam, can wajen dangin marigayi ubansa. Mu nan Lutaran muka sani. Wa ya kafa makarantar nan? Maƙwabciyata ta ce in kwantar da hankalina, makarantun mishan Turawa ne ke biyan komai, har sabulun wanka. Gaskiya ne?
Wata uwa, Garwa

AMSA: 'Yata, ina amsawa, Allah ya raya miki marayun nan. Bari in fara da sabulun, tun da shi ne zai taɓa lalitarki. Ki saya masa, ki haɗa da bokiti. Maƙwabciyarki tana ba ki labarin wani zamani ne da ya wuce, kuma ko a zamanin ma ba haka abin yake ɗungurungum ba. Zan dawo kan wannan.

Makarantar da ɗanki ke nufi tana Bambur, a ƙaramar hukumar Karim Lamido ta jihar Taraba. Kada sunan Najeriya ya firgita ki. Ruwan da kifinki ke fitowa daga cikinsa, shi ne dai yake ratsa Garwa, ya wuce Yola da Numan, ya gangara Lau, inda ake shiga kwalekwale a haye zuwa ɓangaren su Bambur. Duk shekarar da aka saki ruwan madatsar Lagdo, mutanen can sun san da zamanmu. Ta mota kuwa, ta Gashiga ake fita zuwa Yola, a bi Zing a shiga Jalingo.

Ta wannan kogin labarin ya shigo. A 1904 wani Bajamushe, Karl Kumm, ya iso da abokan tafiya uku a ƙarƙashin ƙungiyar Sudan United Mission, suka fara sauka a Wase. A wancan lokacin duk faɗin ƙasar nan daga Sanigal har Kogin Nilu Turawa Sudan suke ce mata, har da mu. Dabarar Kumm ita ce, aikin ya fi ƙarfin ikkilisiya ɗaya, don haka kowace ƙasa ta kawo mutanenta da kuɗinta, a yanka mata yanki. 'Yan Danmak suka ɗauki Numan. A 1906 wani Ba'amurke, C. W. Guinter, ya zo ya zauna a Wukari cikin Jukunawa. Sai a 1923 shi da Ira McBride suka buɗe tasha a Bambur, a cikin mutanen Kulung waɗanda Hausawa ke kira Wurkum. Daga nan aikin ya miƙe zuwa Pero da Zing. Ki lura da shekarar: a 1923 ɗin ne Adolphus Gunderson ya fara aiki a ƙasar Gbaya a nan Kamaru, 'yan Noruwe kuma suka sauka Ngaundare a 1925. Wato ikkilisiyarki da ta dangin mijinki kusan sa'o'in juna ne.

Ga wani abin da ko 'yan Metodis ɗin da yawa ba su cika faɗa ba. Guinter da McBride ba da sunan Metodis suka zo ba. Ikkilisiyarsu ta Amurka ana ce mata Evangelical, ta zuriyar Jamusawan da suka yi ƙaura can, koyarwarta dai irin ta John Wesley ce, wanda Metodis suka samo asali daga gare shi. A 1946 ta haɗe da wata, a 1968 kuma a birnin Dallas haɗaɗɗiyar ta sake haɗewa da Metodis. Mutanen Muri, wato ƙasar su Bambur, suna gonakinsu aka ɗaura wannan aure a hayin teku. Su da kansu Ekklesiyar Kristi suke kiran kansu, ta lardin Muri, tare da 'yan'uwansu na tarayyar da aka kafa a 1955, wadda yau ake kira TEKAN. Sai a shekarun 1980 suka shiga tsarin Metodis sosai, a 1992 kuma suka sami bishof nasu na farko, Done Peter Dabale.

Yanzu ga yadda irin waɗannan makarantu suke tsirowa, don ba wanda ya taɓa sauka daga jirgi da makarantar tauhidi a aljihu. Bature ɗaya ko biyu ba za su iya zaga ƙauyuka hamsin ba, harshen mutane ma bai zauna a bakinsu ba. Sai su tara samari a baranda, a koya musu baƙi da wasali, a ba su 'yan ayoyi da waƙoƙi, a tura su. Wannan shi ne ajin masu bishara. Da ƙauyuka suka soma neman wanda zai yi baftisma ya ɗaura aure ya binne mamaci, sai aka tsamo waɗanda suka fi kai a cikinsu aka buɗe ajin fastoci. Da 'ya'yan waɗannan suka gama sakandare suka fara yin tambayoyin da tsohon fasto ba ya iya amsawa, sai aka ga dole a ɗaga karatun, a koma Turanci, a shigo da Helenanci da Ibrananci da tarihin ikkilisiya, a nemi ɗakin littattafai. Kowane hawa, buƙatar mutanen ƙasa ce ta turo shi. Haka makarantar Meiganga ta taso a wajenmu, haka ta Kaele, haka Banyam.

Harshen da ya ɗauki nauyin hawa biyu na farko a ƙasar Muri kuwa Hausa ce, alhali ba Kulung ba Mumuye ba Jukun, ba wanda ya sha ta a nono. Harshen kasuwa ce, kuma tun 1932 akwai cikakken Littafi Mai Tsarki a cikinta. A ɓangarenmu Fulatanci ne ya yi wannan aikin, shi kuwa sai 1983 ya sami cikakken Littafin. Don haka ɗanki da ya tashi da Hausa a baki zai iya tsayawa gaban jama'a a Bambur ranar Lahadin farko. A aji ne zai yi gumi.

Da aka zo hawa na uku, ƙananan ikkilisiyoyin nan suka ga ba wadda za ta iya ita kaɗai, sai suka yi gayya. A 1959 suka buɗe kwalejin tauhidi ta arewacin Najeriya, TCNN, da farko a Gindiri, daga baya ta koma Bukuru kusa da Jos, da Harry Boer a matsayin shugabanta na farko. Lutaran na Numan da mutanen Muri benci ɗaya suka zauna a can. Na faɗi wannan ne don ki san ba gidan baƙi yaronki za shi ba.

To, mu koma kan wa ke biya. Ni ba a Banyam na yi karatu ba, a wata ƙaramar makarantar Littafi na yi, a ƙetaren iyaka, shekara hamsin ke nan har da ɗoriya, kuma ba zan kira sunanta ba saboda abin da zan faɗa. Mishan ne suka kawo kwanon rufi da siminti, su ke biyan malamai biyu farare, su suka kawo injin wuta. Amma ranar da na isa, kafin a nuna mini aji an nuna mini gona. Kowane ɗalibi da fegensa. Mai iyali ya zo da matarsa da 'ya'yansa da turmi da taɓarya, matan su ma suna da nasu ajin da hantsi. Ikkilisiyar da ta turo ka ita ce za ta aiko maka da dawa bayan kaka. Ina iya ganin buhun nawa har yau: ba dawar gona ɗaya ba ce, ja da fara da kaura duk a gauraye, don zumuntar mata ne suka bi gida gida da ƙwarya, kowa ta zuba abin da ta iya. Tuwon kan fito da wani launi da ba shi da suna. Wanda ikkilisiyarsa ta manta da shi kuwa, mu muke sa masa hannu a akushi, ba Bature ba.

Injin wutan nan wata goma sha ɗaya ya yi yana aiki. Wani ɗan ƙarfe da bai fi babban yatsa ba ya karye a cikinsa, aka rubuta wasiƙa zuwa ƙasar da ya fito. Har na gama karatu amsa ba ta zo ba, kaji suka mai da shi wurin ƙwai, mu kuma muka koma fitilar ƙwai muna karo-karon kananzir. Wata shekara aka aiko mana da ganguna biyu cike da littattafai. Muka taru kamar ranar suna. Da aka fasa, rabi wa'azozin wani tsohon fasto ne da ya rasu a can, cike da misalan ƙanƙara da jirgin ƙasa, ga mu ba mai jin Turanci sai mutum uku. Amma a ƙasan gangar ta biyu akwai ƙamus na Helenanci guda ɗaya, bangonsa ya tsage. Wannan ƙamus ya yi shekara ashirin yana yawo hannu zuwa hannu, kuma mutum biyu da suka koyi harshen a kansa sun dawo sun karɓi allo daga hannun Turawan. Shi ya sa ba na shiga sahun masu zagin taimakon waje, kuma ba na shiga sahun masu yi masa kirari. A ganga biyu littafi ɗaya ya yi amfani, amma ba don gangunan ba da bai zo ba.

A zamanin yau salon ya sauya. Turawa masu zama shekara talatin sun ƙare. Abin da ya maye gurbinsu shi ne ƙawance tsakanin yanki da yanki: 'yan Metodis na jihar Ayowa ta Amurka sun yi shekaru suna ƙawance da na Najeriya, suna zuwa na 'yan makonni, suna taimakawa da gini da littattafai da rijiyoyi da tallafin karatu. Alheri ne, ba musu. Sai dai tallafi ba ya isar kowa, kuma wanda ikkilisiyar Metodis ta turo shi ake fara dubawa. Yaron da ya zo da kansa daga wata ƙasa, daga wata ikkilisiya, kada ya sa rai. Zanen aro ba ya rufe katara.

Akwai kuma maganar da ba zan ɓoye miki ba. A 2024 babban taron Metodis na duniya da aka yi a Amurka ya sauya dokokinsa a kan batun auren jinsi, ikkilisiyar Najeriya kuma ta dare biyu. Bishof John Wesley Yohanna ya fita ya koma wata ikkilisiyar da ta ɓalle mai suna Global Methodist, waɗanda suka zauna suka zaɓi Ande Emmanuel a watan Disamba na shekarar. An shiga ja-in-ja a kan gine-gine har gaban kotu, kuma ita makarantar Banyam ta shiga cikin abin da aka ja a kai. Ba ni da ɓangare, kowane gefe ina da waɗanda muka ci tuwo tare. Abin da na gani kawai shi ne, wanda kuka haɗa tukunya da shi, ranar da aka yi faɗa a gidansa miyarka ma sai ta girgiza.

Don haka kada ki hana shi, kada kuma ki sallame shi da ka. Ki sa baffansa na can ya taka da ƙafarsa ya shiga harabar. Ya ga ko ana karatu a wannan zangon. Ya ƙirga malamai nawa ne ke kwana a wurin, ba waɗanda sunansu ke takarda ba. Ya tambayi magatakarda kuɗin shekara a rubuce, da jami'ar da ke tsaya wa takardar shaidarsu. Ya leƙa madafa ya ga me ɗalibai suka ci jiya. In amsoshin sun yi daɗi, ki canza sefarki zuwa naira kaɗan kaɗan, kada ki ba shi ta shekara a dunƙule. Kifin nan naki kuma ki ɗaure masa ƙulli babba, zai yi masa abokai tun kafin ya iya Turanci.

TAMBAYA: Malam, ni Musulmi ne, amma ba na barin filinka ya wuce ni. Ina jin ana cewa Metodis, Metodis. Shin ɗarika ce a cikin Kiristanci kamar yadda muke da Tijjaniyya da Ƙadiriyya?
Wani Alhaji mai shagon yadi, Marwa

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa. Ba ka yi nisa da gaskiya ba, in farkon abin ake magana. John Wesley limamin Cocin Ingila ne, kuma har ya rasu a 1791 bai fita daga cikinta ba. Tun suna jami'ar Okasfod, wajen 1729, shi da ƙanensa Charles da 'yan abokansu suka tsara wa kansu lokacin addu'a, lokacin karatu, ranar azumi, ranar ziyarar fursuna. Sauran ɗalibai suka riƙa yi musu ba'a da wata kalma mai nufin masu bin tsari sau da ƙafa. Ba'ar ce ta zama suna.

Mabiyansa suna zuwa cocinsu ranar Lahadi kamar kowa, amma a tsakiyar mako su haɗu rukuni rukuni, mutum kamar goma sha biyu da jagoransu, kowa ya faɗi halin da zuciyarsa ke ciki, ya ajiye kobo ɗaya. Kobon nan ma asalinsa bashi ne: a 1742 aka ƙirƙiro shi don biyan kuɗin ginin ɗakin taronsu na Biristol. Ka ga akwai kama da zaman zawiya. Bambancin shi ne, bayan rasuwarsa sun ware sun zama ikkilisiya mai cin gashin kanta, da nata limaman. A nan kamar ta tsaya.

Wesley a kan doki ya yi ta yawon wa'azi, kuma masu wa'azinsa yawanci masu sana'ar hannu ne, irin su maƙera da masaƙa. Shi ya tilasta musu karatu, har ya tsamo musu littattafai ya buga a juzu'i 50. Duk da haka sai 1834 mabiyansa suka yarda suka buɗe makarantar horar da masu wa'azi a Landan, bayan doguwar gardama, don wasu na tsoron boko zai kashe wutar wa'azi. Gardamar nan har gobe ana yin ta, kuma na san ku ma kun san irinta.

Reshen Ingila ya riga na Amurka isowa yankinmu da nisa. Thomas Birch Freeman, wanda ubansa baƙar fata ne uwarsa Baturiya, ya sauka Badagiri a watan Satumba na 1842. Daga wannan reshe aka sami Cocin Metodis ta Najeriya, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1962, kuma ita ce ta haɗa hannu da Angilika suka kafa kwalejin Immanuel a Ibadan a 1958. Ita daban, ta mutanen Muri daban. Kaka ɗaya, gida biyu.

TAMBAYA: Baba, ni ɗan Lere ne a Cadi. In na yi karatu a makarantar Metodis, ikkilisiyarmu za ta naɗa ni fasto in na dawo? Kuma Faransanci na yi, ba Turanci ba.
Wani saurayi, Lere

AMSA: Ɗana, makaranta takarda take bayarwa, ikkilisiya ce ke ɗora hannu. Kafin ka nemi kuɗin mota, ka nemi wasiƙar dattawanku da sa hannun shugaban gunduma, a rubuta cewa su suka aike ka kuma sun san inda za ka. Garinku ma tsohon gari ne a wannan harka, tun 1920 Berge Revne ya zauna a Lere, kuma ikkilisiyar da ta fito daga aikinsa tana da makarantunta a Gunugaya da Kaele, ga su nan kusa da kai. Da Faransancinka akwai makarantar Shalom a Njamena, akwai babbar ta Yawunde da ta buɗe a 1962, wadda ikkilisiyoyi da dama na ƙasashen rainon Faransa suka haɗu suka kafa. In kuwa Metodis ɗin ce ta shiga ranka, jami'arsu ta Afirka da ke Mutare a Zimbabuwe, wadda ta fara da ɗalibai 40 a 1992, tana karɓar masu Faransanci ta fara ba su horon Turanci kafin su shiga aji. Sai dai nisa da kuɗi.

Akwai wani da muka zauna benci ɗaya da shi, ya fi mu duka kai. Ya tafi ba sallama, ya dawo da takarda mai hatimin zinariya. Dattawa suka karɓa suka juya ta, suka yaba kyanta, suka miƙa masa abarsa, suka ce ba su tuna sun aiki kowa ba. Shekara huɗu ya yi yana koyar da yara waƙa ranar Lahadi kafin a sake duba maganarsa. Takardar tana nan rataye a zaurensa, na gan ta bara da na je gaisuwar rasuwar matarsa.